Rumfar wani dattijo a Panteka da robobin kafiretar CG ɗina

Mashin ɗin Honda CG 125 ne, na mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Da shi ya yi ta zuwa aiki masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, kuma ban taɓa kawo wa raina sayar da shi ba. Da hunturun bara ya fara ba ni wahala. Da safe sai na ja cok na yi ta buga kik har gumi ya keto min. In ya tashi, silo, wato kukan inji in ba a ja totur ba, ba ya zama, in na saki totur sai ya ci gaba da kuka kafin ya sauko, a gangara kuma salansa ta riƙa tari. Injin yana zafin da ban san shi da shi ba.

Wani bakanike a unguwarmu ya wanke kafireta sau biyu, ya canza fulogi, daga ƙarshe ya naɗe wuyanta da yankin tsohon tub ya ɗiga gam. Sati biyu abin ya dawo. Wani ɗan acaɓa ne ya kwatanta min rumfar wannan dattijo a gefen Panteka, nan Kaduna, ya ce tsofaffin mashina ne sana'arsa.

Baba, wato dattijon, bai kwance komai ba da farko. Ya tayar da mashin yana sanyi, ya ɗebi fetur kaɗan a sirinji ya ɗiga a jikin robar da ta haɗa kafireta da inji. Nan take kukan ya canza. Ya cire fulogi ya nuna min bakinsa fari fat kamar toka. Ya ce, "Ɗana, kafiretarka lafiya lau take. Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa. Ka ci gaba da hawa haka, bawul za ka ƙona." Ya kuma ja min kunne kada in gwada wannan a inji mai zafi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda ya bambanta robobin kafiretar guda biyu. Ta wajen inji ya lanƙwasa ta, sai ga tsaga kamar faso a dunduniya. Ya ce wannan ta gama aiki, duk wanda ya ce zai farfaɗo da ita kuɗina yake so. Ɗayar kuwa, mai zuwa daga akwatin iyakilina, wato matatar iska, ta yi tauri kamar ƙirgi, ta ƙanƙance har ba ta kama bakin kafireta, amma ba ta tsage ba. Irin lanƙwasarta ba ta dace da waɗanda muka samu a kasuwa ba, don haka ya ce ita za a lallaɓa.

Ya wanke ta da garin sabulu, ya tsoma ta a ruwan zafi har ta ɗan saki. Sannan ya saka ta cikin kwalba mai murfi, a man wintagirin da ya gauraya da sifirit, kashi 1 na man, kashi 3 na sifirit. Duk rumfar ta ɗauki ƙamshin man zafi, don sinadarin da ke ciki shi ne ake sa wa a irin waɗannan mayukan shafawa. Kwana 2 ta yi a ciki. Da aka fito da ita ta kumbura har na tsorata, ya ce in bar ta ta sha iska a inuwa za ta koma daidai. Haka kuwa aka yi, ta yi laushi, ta zauna ɗas. Na tambaye shi man birki da kananzir da na ji ana jiƙa roba a ciki. Ya girgiza kai, ya ce suna kumbura ta yau, gobe ta lalace a hannunka. Bai ɓoye min cewa laushin nan ma aro ne ba, wata rana za ta sake tauri.

Sabuwar da za ta maye gurbin mai tsagar kuwa ni ya tura cikin kasuwa in sayo, bayan ya koya min zaɓe: in danna ta da farce, wadda take ƙyalli tana tauri kamar robar bokiti in ajiye musu abinsu. Ya sa sabon gaskit, ya ɗaure kilif daidai, ya ce yawan matsewa ke yanka roba.

Inda zan yi ƙorafi, aikinsa a hankali yake. Ya ce kwana 3, sai da na yi 5, ga shi ba ya ɗaga waya, dole ka tako da ƙafarka. Benci ɗaya ne a rumfar, rana na dukansa tun hantsi. Kuɗin aikinsa kuwa bai kai abin da na kashe a wankin kafiretar banza ba.

Yau wata 7 ke nan. Na je Zariya na dawo sau huɗu, bugu ɗaya yake tashi, fulogi ya koma ruwan ƙasa. Baba ya ce in kawo shi kafin hunturu ya shigo ya sake taɓa robar, kuma in na ci karo da ta asali a jikin wani mataccen CG, in saye ta in ajiye.