Cingam ɗin daina taba: wata uku ina tauna

Shekara 24 ina zuƙar sigari, tun ina yaron mota a unguwar Nima da ke Accra. Abin da ya tsorata ni shi ne yayana, da ɓarin jikinsa ya shanye bara. Likitan da ya duba shi ya kalli leɓena ya ce, "Malam, kai ma hanyar ka ɗauko." Ya ce nikotin na matse jijiyoyin jini, yana sa jini ya hau. Iskar guba da ke cikin hayaƙin kuma tana ƙwace gurbin oksijin. A kwana a tashi, kitse ya taru a manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, wata rana gudan jini ya toshe hanyar.

Sai na sayi cingam mai nikotin, na miligiram 2, a wani kemis a Maamobi. Ɗanɗanonsa ba daɗi, yaji-yaji kamar masoro. Ranar farko na tauna shi irin na yara, shaƙuwa ta kama ni har cikin trotro, wato motar haya. Ashe kaɗan ake taunawa, a ajiye shi a kumatu, kuma ba a shan kofi dab da shi. Mai kemis bai faɗa min ba, 'yata ce ta karanta takardar.

Yana kwantar da kwaɗayin taba, musamman bayan waakye (shinkafa da wake) na safe, lokacin da hannuna ke zuwa aljihu da kansa. Amma akwai tsada, kuma nikotin ɗin yana nan, hayaƙin ne kawai babu. Sau biyu na zame, duka a zaman makoki. Hajiya dai ta ce rigunana sun daina wari.