Aisin Nano ya ƙone: wane zane za a bi, wane aisi zai maye gurbin 328P?

Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce. Ka ce ka sa bolt 12 a ƙafar 5V ta allon Arduino Nano ɗinka bisa kuskure, babban aisinsa (IC), wato ƙwaƙwalwar allon mai suna ATmega328P, ya yi zafi ya mutu. Ka sauko da zanen Arduino mai nuna yadda aka haɗa kayan allon, amma bai yi daidai da allon da ke hannunka ba. Sannan ba ka sami ATmega328P ba, sai ATmega328PB da LGT8F328P, kana so ka san wanne za ka ɗora.

Mu fara da zanen. Arduino suna sakin zanen allunansu a fili, kowa yana iya saukewa, shi ya sa kwafi ya yi yawa. Sai dai masu kwafi suna canja duk abin da zai rage musu kashe kuɗi. Nano na asali yana da wani ƙaramin aisi, FT232RL na kamfanin FTDI, a ƙasansa, mai ƙafa 28, shi ke haɗa USB da babban aisin. Juya naka: in ka ga mai ƙafa 16, kusan tabbas CH340 ne na kamfanin WCH na Sin. To kada ka jefar da zanen Arduino. A ɓangaren 328P, wato wace ƙafa ke zuwa D13, ina kiristal na megahaz 16 mai ba aisin bugun agogo yake, ina layin riset ya bi, zanen asali da kwafin kusan abu guda ne. A ɓangaren USB kuwa zanen zai ɓatar da kai, sai ka buɗe takardar bayanan CH340, akwai zanen misali a ciki, shi masu kwafi suke bi. Abin da ya rage, mita ce za ta gaya maka: sa ta a yanayin da take ƙara in wurare biyu na haɗe, ka bi layi ƙafa bayan ƙafa, kana rubutawa a takarda. Ni na fi yarda da mita a kan kowane zane da wani ya ɗora a intanet ba tare da ya faɗi na wane allo ba ne.

Kafin ka taɓa dalma, ka tuna CH340 da 328P layin bolt 5 ɗaya suke sha. Wutar da ta kashe ɗaya da wuya ta bar ɗayan. Cire mataccen aisin, ka jona allon a kwamfuta. In ta gane shi, madalla. In shiru, aiki biyu ne a gabanka. A nan sauƙi ɗaya: CH340C yana zama a gurbin CH340G, bambancinsu G yana buƙatar kiristal na megahaz 12 a waje, C kuma nasa na ciki. Saboda haka C yana shiga wurin G, amma G ba zai yi aiki a allon da babu kiristal ba.

Yanzu ga manyan aisin: 328P, 328PB da LGT8F328P. Dukkansu uku suna zuwa da ƙafa 32, suna zama a kan gurbi ɗaya, sunayensu ma na kama. Kama da Wane dai ba Wane ba ce.

328PB ɗan gida ɗaya ne da 328P, daga Atmel, wanda Microchip ya saya a 2016. Wurin ajiyar manhaja kilobait 32 ne duka, RAM (ajiyar wucin gadi) kilobait 2, EEPROM (ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke) kilobait 1. PB ya fi yayansa kaya: a hanyoyin magana da wasu na'urori, yana da siriyal biyu, SPI biyu, I2C biyu. Daga ina ya samo ƙarin ƙafafu? Nan tarkon yake. A 328P, ƙafa ta 3 GND ce, wato ƙasa, ta 6 kuma VCC, wato mashigar wuta. A PB an mai da su PE0 da PE1, ƙafafun aiki. In ka ɗora PB a allonka, PE0 na ɗaure da ƙasa, PE1 na ɗaure da bolt 5. Da yake aisin yana tashi ne ƙafafunsa na saurare, ba sa fitar da wuta, zai yi aiki lafiya lau. Ranar da manhajarka ta sa PE0 ta fitar da wuta kuwa, ka haɗa wuta da ƙasa ta cikin aisin. Abu na biyu shi ne lambar shaida. 328P yana amsa 1E 95 0F, PB yana amsa 1E 95 16, don haka avrdude, manhajar da ke rubuta wa aisin, zai ƙi rubuta butloda (ƙaramar manhajar da ke sa aisin ya karɓi aiki ta USB) in ka zaɓi Nano a Arduino IDE. Maganinsa ka saka MiniCore, wani ƙarin da ake sa wa Arduino IDE, ka zaɓi PB a can. Na uku: PB ba shi da yanayin kaɗa kiristal da cikakken ƙarfi da 328P ke da shi. Saitin da ke zaɓar wannan yanayin ana kiransa ƙaramin fiyus. Nano yana amfani da 0xFF, wannan PB ya yarda da shi. Amma in ka kwaso 0xF7 daga wani darasi ka rubuta masa, agogonsa ba zai tashi ba, har ka zaci ya mutu.

LGT8F328P kuwa baƙo ne da ya ari suna. Kamfanin LogicGreen ne ya yi shi, yana fahimtar umarnin AVR, wato yaren dangin 328P, kuma a gaskiya ba rago ba ne: yana gudu har megahaz 32, yana auna wuta da bit 12 inda 328P ke da 10. Amma ba shi da EEPROM na gaske, daga wurin ajiyar manhaja yake gutsurowa. Babbar matsalarka da shi ita ce hanyar rubuta masa butloda. 328P da PB ana shigarsu ta ƙafafu shidan nan da ke ƙarshen Nano, waɗanda ake kira ISP. LGT ba ya jin wannan yaren, nasa SWD ne, kuma ƙafafun SWD ɗinsa su ne na 18 da 21, daidai inda allonka ya ɗaure da wuta da ƙasa. Ka ga ƙofar a toshe take tun kafin ka ƙwanƙwasa. Wanda ke son LGT ya ɗauki allon da aka ƙera dominsa.

A allonka, 328P ne na farko in ya samu, PB na biyu, LGT a bar shi. In za ka nema, duba haruffan ƙarshe: AU shi ne mai ƙafafu a waje, MU ƙarami ne da ƙafafunsa ke ƙarƙashi, PU kuma mai ƙafa 28 ne na Uno, ba zai shiga ba. Kwafin Nano na zuwa da AU ko MU, karanta abin da ke jikin mataccen.

Kowanne ka ɗora, sabon aisi fanko yake zuwa, USB ba zai gan shi ba sai ka rubuta butloda ta ISP, da na'urar rubutu ta USBasp ko da wani Arduino mai lafiya. Kafin nan, sa bolt 9 a ƙafar VIN ka auna ƙafar 5V. In regiletan AMS1117, mai rage wutar VIN zuwa bolt 5, ya huje, zai wuce da wutar kusan yadda ta shigo, sabon aisin ya bi tsohon.