Ofishin dillalin da ya sama mana gida a Jidda

Duk mai neman gidan haya a Jidda, wani ofishin dillalai a unguwar Safa zan nuna masa. Dattijon wurin bai gaggauta mu ba. Sai da ya buɗe famfo muka ga ƙarfin ruwa, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, don zafin Jidda ba wasa ba ne. Ya ce min, "Alhaji, kada ka biya ko riyal ɗaya sai an shigar da yarjejeniya a Ejar." Ejar shi ne shafin gwamnatin Saudiyya na rajistar yarjejeniyar haya. Da igamata, wato katin izinin zama a ƙasar, aka yi rajistar. La'adarsa kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin haya. Da na tambayi batun saye, ya ce akwai harajin kashi 5 na kuɗin gida, a daidaita tun farko wa zai biya. Wurin ajiye mota kawai ke da wuya.