Hattara da masu tallar "man babunaj" a WhatsApp, sun kusa kashe mana Goggo

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman matan Garwa, Marwa da Ngaundare. Shekarata 11 ina haɗa humra da turaren wuta a nan Garwa, hancina ya saba da mayuka iri-iri, shi ya sa da aka miƙo mini gorar man nan a bakin gadon asibiti, ina buɗe murfin na san an cuci Goggona.

Ƙanwar mahaifinmu ce, ta daɗe da hawan jini, amma tana shan ƙwayarta kullum kuma lafiya lau take harkokinta. Wata uku da suka wuce aka jefa ta cikin wani zauren WhatsApp na wani mutum mai kiran kansa dokta, hotonsa da farar riga da abin awo a wuya. Yana tallar man babunaj, wanda masu Faransanci ke cewa kamomil, wai daga Masar ake kawo masa kai tsaye. A bakinsa man nan yana warkar da hawan jini, ciwon suga, sikila, sanyin mata, har rashin haihuwa. Kullum da asuba sai ya saki muryoyin mata suna kuka suna godiya. Goggo ta tura sefa 3,500 ta Orange Money, aka aiko mata saƙon ta motar ajans. Umarnin da ya ba ta shi ne cokali ɗaya safe da dare, kuma ta ajiye maganin asibiti don wai yana karya ƙarfin man. Ta ajiye. Sati uku tana fama da ciwon kai tana ɓoye mana, saboda ya ce mata alamar cutar na fita ce. Ranar wata Talata jiri ya kwashe ta a banɗaki. Da aka auna jininta likita sai da ya yi mana faɗa. Allah ya taƙaita, ɓarin jiki bai shanye ba, amma kwana 5 muka yi a asibiti.

Babunaj kansa ba ƙarya ba ne, kuma ba na so wannan azzalumi ya sa mu tsani tsiro mai amfani. Ɗan fure ne mai fararen ganye da rawaya a tsakiya, kuma gaskiya ne Masar na cikin manyan masu noma shi, musamman yankin Fayyum. Iri biyu aka fi sani, na Jamus da na Rum. Mutane sun daɗe suna shan shayinsa don kumburin ciki da murɗawa, don samun natsuwa kafin barci, suna kurkure baki da shi idan akwai ƙuraje, suna shafawa a fatar da ta yi ja ko take ƙaiƙayi. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ma ta amince da furen a matsayin maganin gargajiya na irin waɗannan ƙananan lalurori. Iyakarsa ke nan. Ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na suga, ba ya taɓa sikila.

Shi kuwa tataccen man, da tururi ake fitar da shi daga furen, kuma a nan asirin ɗan damfarar ya tonu. Busasshen fure kilo 100 da ƙyar yake ba da lita 1, sau da yawa ma bai kai rabin haka ba. Shi ya sa ake sayar da shi a 'yar mitsitsiyar kwalba ta mililita 5 ko 10, ta gilashi mai duhu, da tsada. To Goggo kwatan lita aka kawo mata, cikin gorar roba irin ta lemo, a kan 3,500 har da kuɗin mota. Ku yi lissafin da kanku.

Mutumin ya yi ɗan karatu, wannan ne ya fi ba ni haushi. Ya san cewa man babunaj na Jamus shuɗi ne, sai ya rina nasa ya riƙa nuna launin a bidiyo a matsayin shaida. Shuɗin na gaske wani sinadari ne, kamazulin, da ke samuwa a lokacin da tururi ke dafa furen. Duhu gare shi kamar tawada, kuma idan man ya tsufa ko ya sha rana yakan koma kore, daga baya ruwan ƙasa. Nasa shuɗi ne mai haske kamar an jiƙa bula, kuma da na ajiye gorar kwana biyu sai launin ya kwanta a ƙasa. Na ɗiga a farar takarda na bar ta ta kwana. Tataccen mai yakan bi iska, sai dai ya bar ɗan launi da ƙamshi. Wannan maiƙo ya bari, takardar ta zama kamar wadda aka ƙunshe ƙosai. Ƙamshin kuma turare ne mai arha a sama, a ƙarƙashi warin man auduga da kowace mace a arewacin nan ta sani daga tukunyarta. Akwai wani man da ake yi ta hanyar jiƙa furen cikin man zaitun, shi yana da maiƙo, launinsa rawaya-rawaya, kuma halas ne sayar da shi muddin an faɗa wa mai saye abin da yake. Na wannan mutumin ko furen ban yarda ya gani ba.

Ko da na gasken ne a hannunki, 'yar'uwa, ba a shan sa da cokali. Ɗigo 1 ko 2 ake sa wa cikin ƙaramin cokalin man zaitun ko man kwakwa, a fara gwadawa a cikin hannu a jira a gani, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar dangin wannan fure. Ba a ɗiga shi a ido. Mai ciki, mai shayarwa da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna. A zauren na ji yana ce wa wata ta shafa wa jaririnta mai zafin jiki ta jira kwana uku. A wannan ƙasa tamu, da damina, yaro mai zazzaɓi awon cizon sauro yake bukata a ranar. Har yanzu ina tunanin yaron nan.

Da sauran rina a kaba. Yana kuma neman wakilai. Maƙwabciyata ta biya sefa 15,000 na rajista, aka ce ta kawo mata uku kafin a turo mata katan. Ta kawo 'yan'uwanta, su ma suka biya. Katan bai zo ba, da ta matsa aka cire ta daga zauren aka toshe lambarta, yanzu ita ake bi bashi a dangi. Ba shago gare shi ba, lambar da ake tura kuɗin ma sunan wani daban take nunawa.

Duk wadda ta tura masa kuɗi kada ta goge saƙon shaidar biya da muryoyin da ya aiko, ta riƙe gorar, ta kai komisariya ko wurin jandarma. Mu mun kai namu. Wanda kuma ya san tsohuwa a gidansu ta daina shan ƙwaya saboda wannan mai, don Allah ya kai ta a auna ta yau, kada a jira sai ta faɗi.

Goggo ta koma kan maganinta. Da dare nakan dafa mata shayin busasshen furen, bayan na tambayi likitanta ya ce babu laifi. Jiya wata ƙawata ta turo mini talla daga sabuwar lamba, an canza sunan doktan, amma gorar ita ce, muryoyin matan ma su ne. Farashi ya koma 4,000, kuma an rubuta cewa yanzu suna aikawa har Kusiri da Njamena.