Bitar manhajar Universe Sandbox: ta ƙware a baƙin rami, ta rage a fashewar tauraro

Universe Sandbox manhajar kwamfuta ce ta kamfanin Giant Army da ke Amurka, wadda aka fara sayar da sabon zubinta a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a 2015. Aikinta shi ne ta ba mutum rana da duniyoyi da taurari a kan allo, ya ƙara musu nauyi ko ya rage, ya kawar da wannan ya dasa wancan, sannan ta lissafa abin da zai biyo baya. Na auna ta ne da abubuwan da suka fi tsorata mutane a zancen sararin samaniya, kuma sakamakon bai zo daidai wa daida ba.

Inda ta fi ƙwarewa shi ne baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Mutane da yawa sun ɗauka baƙin rami yana zuƙe duk abin da ke kewaye da shi komai nisa, kuma gwaji ɗaya a manhajar ya isa ya kawar da wannan fahimta. Idan aka cire rana aka ajiye baƙin rami mai nauyinta daidai, wanda daga tsakiyarsa zuwa bakinsa bai wuce kilomita 3 ba, duniya ba ta karkacewa daga hanyarta ko kaɗan, domin nauyin da ke jan ta bai canza ba. Abin da ke faruwa shi ne duhu da sanyi: mutum yana kallon ma'aunin zafi yana sauka, ƙanƙara tana mamayo tekuna, har shuɗin duniya ya koma fari fat. Sai an ajiye mai nauyin Sagittarius A*, baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarinmu kuma ya ninka rana wajen sau miliyan 4, sannan duniyoyi ke watsewa. Malamin kimiyya zai iya shafe awa guda yana bayani bai dasa wannan a zuciyar ɗalibi ba kamar yadda minti biyu na kallo ke yi.

Fashewar tauraro ce ta fi kyan gani, amma a nan ne nake da ƙorafi. Manhajar tana barin mutum ya fasa kowane tauraro da dannawa ɗaya, har da rana, alhali rana ba za ta taɓa yin irin wannan fashewa ba. Sai tauraro ya ninka ta nauyi aƙalla sau 8 kafin cikinsa ya rufta ya tarwatse. Wanda bai san haka ba zai tashi daga kan kwamfuta da tsoron da ba shi da tushe. Bugu da ƙari, abin da ido ke gani a allo shi ne wuta da tartsatsi suna cinye duniyoyin da ke kusa, alhali haɗarin gaske ga mazauna duniya ba ya ganuwa. Tauraron da ya fashe a tazarar tafiyar haske ta 'yan gomomin shekaru ba zai ƙona ƙasa ba, amma haskensa mai ratsa jiki zai lalata lemar ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa, daga nan ɓarna ta bi tsirrai da ƙananan halittun teku. Akwai shaidar cewa irin wannan ta taɓa faruwa daga nesa, domin an samu wani nau'in ƙarfe da fashewar tauraro ke samarwa a shimfiɗar ƙarƙashin teku, mai shekaru kusan miliyan biyu da rabi. Shi kuwa Betelgeuse, jan tauraron nan da ake gani sarai a dararen hunturu, wanda dusashewarsa a ƙarshen 2019 ta tayar da hankalin jama'a kafin a gano ƙura ce ta rufe shi, yana da nisan tafiyar haske ta sama da shekara 500. Ranar da ya fashe za a gan shi da rana tsaka, kamar wanda masana taurari na ƙasar Sin suka rubuta labarinsa a 1054, amma ba zai cutar da kowa ba.

Mai neman hanyar yanke da ake cewa tana haɗa wurare biyu masu nisa a sararin samaniya, wadda Einstein da Rosen suka fitar da lissafinta a 1935, ba zai ƙaru da komai a nan ba. Manhajar tana tafiyar da motsin duniyoyi ne bisa ƙa'idojin Newton, waɗanda ba su san lanƙwashewar sarari ba, alhali a kanta wannan hanya ta dogara. Ban ɗauki wannan a matsayin babban aibi ba, tunda har yau ba a taɓa hango irin wannan hanya ko guda ɗaya ba.

Manhajar ta kuɗi ce, babu Hausa a cikinta, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfin sarrafa hoto, musamman idan aka tara abubuwa da yawa a allo. Ina ba malaman sakandare da ɗaliban kimiyyar lissafi (physics) shawarar su saye ta, da sharaɗin a sami mai bayani a gefe duk lokacin da za a danna maɓallin fasa tauraro.