Hunturu biyu da motar tafi-da-gidanka a Albata: abin da na gani a wurin ajiya

A bazarar 2023 muka sayi motar tafi-da-gidanka ta hannu, irin mai gado a saman mazaunin direba, da ɗan kicin da banɗaki a baya. A Edmonton muke zaune, cikin lardin Albata na Kanada. Da sanyi ya fara kaɗawa sai na buɗe tankin ruwa ya tsiyaye, na lulluɓe motar da tamfol a bayan gida, a zatona shi ke nan.

Ashe da sauran aiki. A Janairun 2024 sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili a yankinmu. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka ɗan abin da ya maƙale a lanƙwasar bututu ma ya isa ya yi ɓarna. Ranar da na kunna famfo a watan Afrilu, sai ga ruwa yana malalowa daga ƙarƙashin kabad ɗin kicin. Tukunyar ɗumama ruwa, mai cin lita 23, ta yi hunturun a cike, domin ban san tana da nata murfin zubarwa daga waje ba. Ta tsage daga gefe, tsagar ta kai tsawon yatsa. Uwargida na tsaye da tsumma a hannu ta ce, "Maigida, bana dai a kai ta wajen masu sana'ar."

A Oktoba kuwa na kai ta wani wurin ajiya da ke bayan gari, inda suke shirya irin waɗannan motoci don hunturu, su kuma riƙe su har sanyi ya wuce. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne makanikin ya bar ni na tsaya a kansa. Ya zubar da tankuna uku, na ruwan sha da na wanke-wanke da na bayi. Ya kwance murfin tukunyar ɗumama ruwa, ya murɗa makunnin da ke karkatar da ruwa daga gare ta. Sannan ya jona injin hura iska a mashigar ruwa, bai bari ƙarfinsa ya wuce 40 a ma'aunin matsin iska ba don kada bututun roba su fashe, ya riƙa bin famfuna ɗaya bayan ɗaya, na zafi da na sanyi, har suka daina tofar da ruwa sai iska zalla.

Daga nan ya zuƙo ruwan hana daskarewa, mai launin hoda, cikin bututun. Ya ja min kunne sosai a nan: wannan daban yake da wanda ake zubawa a lagireto, domin na injin guba ne, bai halatta ya kusanci bututun ruwan sha ba. Ina kallo famfon kicin ya yi tari sau biyu, sannan ruwan hoda ya ɓullo. Bai manta da shawar waje ba, wadda ni ko tunawa da ita ban yi ba, ya kuma tsiyaya kofi guda a kowace magudana. Duk aikin bai kai awa biyu ba, kuɗinsa kuma bai kai rubu'in abin da na kashe a gyaran bara ba. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Inda suka gaza shi ne batir da ɓeraye. Sun ce za su cire batirin ɗaki, wato mai ba kayan cikin motar wuta, su ajiye a wuri mai ɗumi, amma da na je a Fabrairu na tarar da shi a mazauninsa, ya mutu murus. Batir mai cikakken caji yana jure sanyi mai tsanani, wanda ya sauka kuwa ruwansa na iya daskarewa ya kumbura jikinsa. Nawa ya kumbura. Sun ba da haƙuri, sun biya rabin kuɗin sabo, amma raina ya sosu, domin alkawari ne suka ɗauka a rubuce. A aljihun tebur kuma na ga kashin ɓera da takardar goge hannu da aka yayyaga aka yi sheƙa. Laifin nan namu ne tare: mun bar ledar shinkafa a ciki, su kuma ba su toshe ramin da wayar lantarki ke shiga ba.

Dalilin zuwana a Fabrairun shi ne yara sun matsa sai sun ga Banff, garin shaƙatawa da ke tsakanin duwatsun Albata, cikin dusar ƙanƙara. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 400, kuma sansanin Tunnel Mountain Village II a buɗe yake duk shekara, da wurin jona lantarki. Shawarar makanikin muka bi: ba mu zuba ko ɗigon ruwa a tanki ba. Jarka biyu muka ɗauka da buta, kamar dai a gida in famfo ya ɗauke, muna ɗumama ruwan alwala a tukunya. Hitar gas ta riƙe mu da kyau, sai dai tana shan gas da batir ba kaɗan ba. Gas ɗin furofen ne, wanda ke aiki har kusan digiri 42 ƙasa da sifili. Wani nau'in gas mai suna butan kuwa da zarar an kai sifili ya fara gardama.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne gumi. Numfashin mutum biyar da tururin shayi suka taru a gilashi, da asuba na sa katin banki ina kankare ƙanƙara daga ciki. Dare na biyu muka ɗan ɗaga murfin iska na rufi, abin ya ragu ƙwarai. Na kuma gwada na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid kafin mu kwanta, na share dusar da ta taru kusa da mafitar hayaƙin hita. Wannan kam ba na wasa da shi, iskar ba ta da wari balle ta tashe ka.

A Afrilu muka wanke bututun har ruwan hoda ya ƙare, babu inda ya ɗiga. Na sake kama wuri a wajensu don Oktoba mai zuwa, amma batirin da hannuna zan cire shi in kawo gida, ramin wayar kuma na riga na cusa masa soson ƙarfe.