Gargaɗi ga masu tsohuwar motar gida a Amurka: ku kiyayi mutumin nan mai tallan distiributa ta inbos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda yake da tsohuwar motar gida, irin wadda a nan Amurka ake cewa RV, ko yake shirin siya, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Na san da tsawo amma abin da ya same ni bana so ya samu wani, kuma jiya na ji labarin mutumin nan ya sake canza suna ya shiga inbos ɗin wani yayanmu direban tirela da irin maganar da ya yi min sak, shi ya sa na ce yau sai na rubuta.

Motata GMC ce ƙirar 1974, mai tsawon ƙafa 26, irin waɗanda aka yi a garin Pontiac na jihar Michigan daga 1973 zuwa 1978. Injin ɗinta na Oldsmobile ne, 455, silinda 8, wanda yake cikin Toronado, kuma tayoyin gaba ne suke jan ta. Ku riƙe wannan maganar ta Oldsmobile domin a nan duk damfarar take. Tawa da tsohon tsarin wuta ta zo, kwantak da kondensa da kwayil a waje, irin wanda muka taso muna gyarawa a jikin fijo 504 a Kaduna, don haka ba baƙon abu bane a wajena. Matsalar da ta fara min ita ce in ta yi sanyi sai ta tashi lafiya lau, amma in na yi kamar minti 40 a hanya sai ta fara shaƙewa tana harbi ta salansa, sai ta mutu, in na jira ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba.

Na rubuta haka a wani zauren masu irin motocin nan ina neman shawara. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga saƙo ta inbos, hoton wani dattijo da furfura tsaye gaban irin motata, wai shi bakanike ne da ya yi ritaya, shekara 30 yana gyaran GMC, kuma wai ba sai na gwada komai ba ya riga ya san ciwon, distiributa ce ta gaji, wato abin da yake rarraba wuta ga fulogan injin. Ya ce yana da HEI wadda ya sake ginawa da hannunsa musamman don motar gida, dala 420 har da kuɗin aikowa. HEI ɗin gaskiya ce ba ƙarya ba, tsarin wuta ne da kamfanin GM ya mayar da motocinsa kai tun daga 1975, babu kwantak, kwayil ɗin yana zaune a saman murfin distiributa, a ciki kuma akwai ɗan ƙaramin modul mai ƙafa 4 da yake yanke wuta yana haɗawa. Masu 1973 da 1974 da yawa sun koma kanta kuma sun ji daɗi. Da wannan gaskiyar yake fakewa, don in ka bincika za ka ga kowa yana yabon HEI sai hankalinka ya kwanta.

Na ce zan biya ta PayPal, manhajar tura kuɗi, ta hanyar da ake biyan kuɗin kaya, ya ce a'a ana cire masa kaso, in tura masa a matsayin kyautar aboki, kuma wai akwai mutum biyu da suke jiran ta in ban biya yau ba. Na tura.

Bayan kwana 9 kaya suka iso, sabuwa fil tana sheƙi. Na buɗe murfin injin, wanda a motar nan yana cikin ɗaki tsakanin kujerar direba da ta mai zaman banza, na zare tsohuwar na ajiye su gefe da gefe a kan tabarma, wlh ko yaro zai ga ba ɗaya bane. Tsawon ya bambanta, giyar ƙasa ta bambanta. Ta Oldsmobile ƙasanta rami ne mai kusurwa 6 wanda sandar famfon baƙin mai take shiga, wannan da ya aiko kuwa ɗan harshe ne a ciki irin na Chevrolet. Kuma distiributar Chevrolet tana juyawa ne kamar hannun agogo, ta Oldsmobile kuma akasin haka take juyawa, duk da cewa jerin harbin fulogi ɗaya ne, 1-8-4-3-6-5-7-2, wannan jerin da ya zo ɗaya shi yake nuna wa mutane yana cewa ai duk GM ne. Ba duk GM bane jama'a. Babu wata distiributa guda da take shiga duk injin GM, duk wanda ya ce maka haka ko bai san aikin ba ko kuɗinka yake so. Kuma abin da ya fi ban tsoro, distiributar nan ita take juya famfon baƙin mai, in mutum ya yi ƙarfa-ƙarfa ya cusa abin da bai zauna daidai ba injin zai iya aiki ba mai yana zagawa, cikin 'yan mintuna ya yi nokin.

Na tura masa hotuna. Ya ba da haƙuri sosai, wai ɗansa ne ya rikita kwalaye, yana kirana ɗan uwa, ya ce in ƙara dala 95 ya aiko daidai ɗin da gaggawa, in na mayar da waccan zai dawo min da kuɗin. Adireshin mayarwa kuma har yau bai ba ni ba.

Ta biyun ta zo kuma ta Oldsmobile ce gaskiya, ta shiga raminta. Abin da ban lura ba a lokacin shi ne tsohuwa ce ta bola aka fesa mata fenti ruwan azurfa aka sa sabon murfi. Na tambaye shi wace waya zan jona a ƙafar da aka rubuta BAT, wato inda wutar batir take shiga, ya ce kawai in ɗauki wayar da take zuwa tsohon kwayil, in ban yarda ba in kunna makulli in auna da mita zan ga 12. Na auna na ga 12 kuwa. To ga inda mugun wayon yake, ku saurara da kyau. A motocin GM masu kwantak wayar nan ba waya ce zalla ba, wayar rage wuta ce, an yi ta ne don kar kwantak ya ƙone, in injin yana aiki tana sauke wutar ta dawo wajen volt 8 zuwa 9, lokacin kik ne kawai ake ba kwayil cikakkiyar wuta ta wata waya daga jikin kik ɗin. Irin wannan waya in babu abin da yake jan wuta a ƙarshenta mita za ta nuna maka 12 cif, sai injin ya tashi sannan gaskiyarta ta fito. HEI kuwa cikakkiyar wutar batir take so, in ka ba ta ragaggiya za ta tashi, za ta ma yi silo lafiya a gaban gida, amma in aka hau hanya da nauyi sai wutar ta gaza. Mutumin da ya yi shekara 30 yana wannan aiki ba zai kasa sanin haka ba.

A watan Yuli muka kama hanyar I-45 daga Houston za mu Dallas wajen 'yan uwa, ni da uwargida da yara uku. Wanda ya san zafin Texas ya san abin da nake nufi. Ba mu kai rabin hanya ba ta fara shaƙewa, na taka totur ta yi wata irin ƙara ta mutu a gefen titi, manyan tireloli suna wucewa iska tana girgiza mu, ƙaramar 'yata tana kuka saboda zafi, uwargida ta ce min Baban Amira mu fitar da yaran nan daga ciki kafin wani ya suma. Wajen awa uku muka yi a bakin hanya kafin janwe ya zo, kuma janwen da zai ɗauki mota mai nauyin wajen tan 5 ba irin na ƙaramar mota bane, kuɗin da na biya shi ya fi duk abin da na tura wa mutumin. Daga nan gefen titi na yi ta kiransa, ya karanta saƙo bai amsa ba, da dare na duba na ga ya toshe ni.

Wani dattijo Ba'amurke mai gareji a kusa da mu, wanda ya san tsofaffin injina, shi muka buɗe distiributar da shi. Da muka cire rota sai ga ƙarafan nan biyu masu buɗewa su ƙara taimin in injin ya yi gudu sun yi tsatsa sun maƙale, sandar tsakiya tana girgiɗi in ka kama ta da yatsa. Modul ɗin ba suna ba lamba, muka kwance shi ƙasansa a bushe ƙamas, babu farin man nan da ake shafawa don zafi ya fita ta jikin distiributa, ba tare da shi ba modul dahuwa yake yi. Sannan siraran wayoyi biyu na fikof, wato ɗan kwayil ɗin ciki da yake ba modul sigina, ɗaya ta karye an naɗe ta da baƙin salatif an tura ƙasa. Wayoyin nan dama a nan suke karyewa don duk lokacin da gwangwanin iska mai ƙara taimin ya ja farantin da fikof yake kai sai sun lanƙwasa. Dattijon ya ɗora mita a kansu, ya kamata a ga tsakanin om 500 zuwa 1500 kuma ya tsaya cak, ya sa famfon hannu ya ja gwangwanin, lamba ta ɓace ta dawo ta sake ɓacewa. Ya dube ni ya ce wanda ya naɗe wayar nan ya san abin da yake sayarwa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne da muka gwada tsofaffin kayana, distiributata ta asali lafiyarta ƙalau. Kwayil ne kawai, ya tsufa yana yoyon mai ta wuya, in ya yi zafi sai ya yanke. Abin da bai kai dala 40 ba a shagon kayan mota. Da na tsaya na yi gwajin da na sani tun ina yaron gareji da ban shiga wannan ba, don haka dan Allah in taku tana mutuwa da zafi, a daidai lokacin da ta mutu ku duba abu biyu kafin ta huce. Ku cire murfin kafireta ku danna totur ku ga ko fetur yana fesowa, don zafi yana sa fetur ya tafasa a cikin bututu ya yi kamar matsalar wuta alhali ba ita bace. Sannan ku sa abin gwajin tartsatsi a wayar fulogi a yi kik ku ga ko akwai wuta mai ƙarfi. In kwantak ne ku auna duwel, wato yawan digirin da kwantak yake zama a rufe, na GM mai silinda 8 digiri 30 ne, kuma akwai ɗan taga a jikin murfin da ake saita shi da alanki injin yana aiki. Masu motar gida a kan Dodge, 318 ko 360 ko 440, irin su tsohuwar Winnebago, ku kuma in ta tashi lokacin kik da ka saki makulli ta mutu, fara da farin tangaran ɗin nan na rage wuta da yake jikin bangon ɗakin injin, ɗan abu ne mai arha kuma ya kamata a ajiye safaya a mota, ka kuma duba ko akwatin wutar yana samun at, wato haɗuwa da ƙarfen jikin mota, mai kyau don ta jikinsa yake ɗauka. Na faɗi wannan ne domin yayan namu da ya shiga inbos ɗinsa Dodge gare shi, kuma shi ma ce masa ya yi sai an canza distiributa gaba ɗaya.

Yanzu na sa HEI ɗin gaskiya daga shagon da yake da adireshi da lambar waya da rasit, na ja sabuwar waya mai kauri daga batir da fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta take kunnawa, tsohuwar wayar aikinta kawai ta kunna rile ɗin, na shafa farin man a ƙasan modul, na saita taimin da fitila, kuma na ajiye modul da rota na safaya a durowa. Mun je Dallas mun dawo ba ta yi ko tari ba, alhamdulillah.

Kuɗina kam ban samu ba. Da na bi sawu aka nuna min tunda a matsayin kyauta na tura babu kariyar mai siya a kai, haka tsarin yake kuma dama an rubuta. Ku sani PayPal yana da hanya biyu, ta kuɗin kaya tana da kariya, ta 'yan uwa da abokai ba ta da ita, Zelle ma, hanyar tura kuɗi ta bankunan Amurka, don wanda ka sani aka yi shi, katin kyauta kuwa kar ma a fara. A gida in ka je Panteka ko Kofar Ruwa kana riƙe abin a hannunka ka juya shi, ka san rumfar mutum, gobe ka dawo ka same shi, a nan kuwa hoto kawai kake gani, kuma hoton dattijon da ɗan damfarar ya sa ma da wani ya bincika min sai ga shi na wani bawan Allah ne daban aka sata.

Ba zan sa suna ba don sunayen da yake amfani da su na mutane ne da ba su ji ba ba su gani ba, kuma ya canza sau uku da na sani. Amma salonsa ɗaya ne, ba ya magana a fili cikin zaure sai inbos, yana gaya maka ciwon motarka bai tambaye ka gwaji ko ɗaya ba, ba ya yarda da kiran bidiyo, in ka ce ya ɗauki hoton ƙasan giyar da takarda mai kwanan watan yau sai ya ce yana asibiti wajen matarsa. Na kai rahoto wajen hukumar FTC mai kare masu siyayya da kuma IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet, kuma duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi dan Allah kar ya ji kunya ya yi shiru, ya ajiye rasit da hotunan hirar da kwalin da aka aiko masa, ya yi min magana mu haɗa su wuri ɗaya, zuwa yanzu mu huɗu ne.